Babi na Bakwai: Ƙungiyar da ke Kan Tudu

Mutanen Nailsworth ba su kai 6,000 ba. Garin yana cikin wani kwari a gundumar Gloucestershire, kudu maso yammacin Ingila, inda a da masaƙun ulu ke aiki da ƙarfin ruwan rafi. Jirgin ƙasa ya daina ɗaukar fasinja a garin tun shekarun 1940, don haka wanda ya taho ta jirgi sai ya sauka a Stroud ya nemi bas. Daga tsakiyar gari hanya ke miƙewa sama, hawa mai sa ƙato haki, har ta kai unguwar Forest Green. A ƙarshen wannan hawan filin New Lawn yake, gidan ƙungiyar Forest Green Rovers, mai ɗaukar 'yan kallo 5,000 da 'yan kai. In da garin gaba ɗaya zai fito kallo, har da jarirai da tsofaffi, kaɗan ne za su rasa wuri.

Wanda ya san ƙwallon Ingila ta gidan kallo, ƙungiyoyi 20 na Firimiya ya sani. A ƙarƙashinsu akwai rukuni uku, Championship da League One da League Two, kowanne da ƙungiyoyi 24. In an haɗa da Firimiya sun zama 92, su ne ake lissafawa a matsayin manyan ƙungiyoyin ƙwararru. Daga nan sai National League, mataki na biyar, sannan matakai barkatai da ke gangarawa har ƙungiyoyin ƙauye, inda mai tsaron gida kan tashi daga aikin famfo ya wuce fili. A can ƙasa kuɗin talabijin ba ya isa. Abin da ke riƙe ƙungiya shi ne kuɗin ƙofa, da cinikin shayi da abinci, da 'yan kasuwar gari da ke biya a liƙa allon tallarsu, da masu aikin sa kai da ke wanke riguna suna shafa wa layin fili farin fenti. Mutum ɗari biyu su yi fushi su zauna gida, Manchester United ba za ta ma sani ba. A mataki na biyar albashin wani ɗan wasa ke nan ya tafi.

Forest Green ta taɓa ɗanɗana irin wannan fushin. Wani limamin coci mai suna Peach ne ya kafa ta a 1889, ta kuma shafe kusan shekara ɗari tana buga gasannin yanki. A 1982 ta je Wembley ta ci kofin FA Vase, kofin ƙananan ƙungiyoyi, bayan ta lallasa Rainworth Miners Welfare da ci 3 da nema. Sai a 1989 shugabanninta suka kawo wata dabara: a sauya mata suna zuwa Stroud FC. Stroud ta fi girma, ta fi jama'a, ta fi 'yan kasuwa, kuma tazarar 'yan kilomitoci ce kawai. A takarda lissafin ya fita. A fili kuwa mutanen Stroud ba su zo ba, na Nailsworth da yawa suka janye jiki. A 1992 aka mayar da tsohon suna, kuma shekara shida bayan haka, a 1998, ƙungiyar ta hau mataki na biyar karon farko. A riƙe wannan labarin, za mu sake buƙatarsa.

A 2010 ƙungiyar ta kai gargara. Bashi ya yi mata katutu, ta kuma gama kaka a cikin waɗanda za su faɗi. Abin da ya cece ta shi ne an kori Salisbury City daga gasar saboda saɓa ƙa'idar kuɗi, gurbi ya samu. Cikin wannan hali aka je wurin Dale Vince neman agaji. A watan Agustan shekarar ya sayi kaso mafi tsoka na hannun jari, ba da jimawa ba ya zama shugaba.

Vince ba irin attajiran da aka saba gani a ƙwallo ba ne. An haife shi a 1961, ya bar makaranta yana ɗan shekara 15, ya kuma yi kimanin shekara goma yana yawo yana kwana a cikin tsofaffin motoci, cikin matasan da suka juya wa rayuwar birni baya a shekarun 1980. A lokacin ne ya fara amfani da ɗan ƙaramin injin iska yana cajin batir. Daga baya ya kafa kamfanin lantarki na Ecotricity a Stroud, kuma a ƙarshen 1996 babban injin iskarsa na farko ya fara juyawa a kan wani tudu kusa da ƙauyen Nympsfield, maƙwabcin Nailsworth. Shi ba ya cin nama, ba ya shan madara, ba ya kuma ɓoye siyasarsa: ya ba jam'iyyar Labour kuɗi, ya taɓa ba masu zanga-zangar Just Stop Oil. Mutum ne mai son kyamara, wanda ya fahimci cewa jaridar da ba za ta ɓata shafi kan farashin lantarki ba za ta ba da shafi guda ga ƙungiyar ƙwallon da ta hana cin nama.

Da abincin kuwa aka fara. A 2011 aka cire jan nama daga abincin 'yan wasa, sannan daga kantunan filin. Kaza da kifi suka bi baya. Zuwa 2015 babu nama, babu kifi, babu ƙwai, babu madarar shanu a ko'ina cikin New Lawn. Wanda bai san al'adar kallon ƙwallo a Ingila ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. A can, musamman a ƙananan gasanni, hutun rabin lokaci yana da nasa tsari: a bi layi cikin sanyin Janairu, a karɓi mitfai mai zafi a takarda, a haɗa da shayi mai madara ko romon naman sa a kofin roba, a koma a jingina da ƙarfen shinge ana ci ana zagin alƙalin wasa. Uba ya yi haka, kaka ya yi. Rana ɗaya sai mutum ya iso gaban kanta a ce masa abin da ke cikin fai ɗin yau Quorn ne, wani abinci da ake sarrafawa daga dangin naman kaza ya yi kama da nama, an haɗa da ganyen albasa, an zuba miya a kai da dakakken dankali a gefe. Shayin kuma da madarar waken soya ko ta hatsi.

An yi gunaguni sosai. Wasu suka ce sun zo kallon ƙwallo ne, ba sauraron wa'azi ba. Magoya bayan ƙungiyoyin baƙi suka samu abin tsokana, har yau sukan shigo suna rera waƙoƙin nama. Amsar Vince ita ce babu wanda aka hana cin abin da yake so a gidansa, sa'o'i biyu ne kacal sau ɗaya a mako biyu. Haka su ma 'yan wasan, abin da ƙungiya ta dafa musu ne kawai babu nama. Gunagunin bai daɗe ba, kuma dalilin mutuwarsa ba ya buƙatar dogon nazari: abincin ya fi na da daɗi. Abin da aka saba sayarwa a ƙananan filaye daskararren kaya ne daga masana'anta, a ɗumama a miƙa maka. A New Lawn aka koma dafawa. Fai ɗin nan ma ya samu yabo a gasar masu fai ta Birtaniya a 2017, inda ya kara da na nama. Musulmin da ya je filin kuwa ya huta da tambayar ko akwai alade a ciki, sai dai ya sani ana sayar da giya.

Mai karatun da ya tashi cikin shanu zai yi mamakin laifin da saniya ta yi. Hujjar da ake kafawa ita ce rahoton Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2013, wanda ya ƙiyasta cewa kiwon dabbobi ne ke fitar da kashi 14.5 cikin ɗari na iskar da ɗan Adam ke saki mai ɗumama duniya. Ni dai ina ganin a bambanta tsakanin Baturen da ke cin nama safe da rana da dare daga gonakin da ake ciyar da dabba da waken soyar da aka sare daji aka noma, da Bafulatanin da garkensa ke bin ciyawar da Allah ya fitar. Maganar Vince da na farkon take, kuma a kansa tana da ƙarfi.

Abin da ya fi burge masu aikin fili shi ne ciyawar. An daina zuba mata takin zamani da maganin ƙwari da na kashe haki. Da takin ciyawar teku ake ciyar da ita, hakin da ya fito kuma a cire da hannu. Ruwan saman da ya sauka a kan rufi da wanda ya tsiyaye ta ƙarƙashin fili ana tara shi a tanki a sake ban ruwa da shi. A ƙarshen 2011 aka ɗora farantan sola 180 a kan rufin rumfar 'yan kallo, a shekarar da ta biyo baya kuma aka kawo injin yankan ciyawa mai tuƙa kansa, yana bin umarnin tauraron ɗan Adam yana kai da kawo ba direba. Ciyawar da ya yanke manoman yankin ke kwasa su gyara ƙasa, man girkin da aka gama suya da shi a mayar da shi man inji. A bakin ƙofa akwai wurin cajin mota mai lantarki. Duk waɗannan babu wanda ya yi rigima a kansu. Ɗan kallo bai damu da abin da ciyawa ta ci ba, muddin ƙwallo na gudu a kanta a watan Fabrairu.

Rigimar da ta taɓa zuciya ita ce ta riga. Shekara da shekaru Forest Green baƙi da fari take sawa, ratsi-ratsi. A 2011 aka sauya tambarin ƙungiyar, a 2012 aka ajiye baƙi da fari aka ɗauko kore shar, irin na ɗanyen lemun tsami. Daga baya aka yi rigar da rabinta zaren gora ne, mai zanen jakin dawa, a 2019, sannan a 2021 aka gwada wadda aka haɗa da ragowar garin kofi da tsofaffin robobi. Baƙo zai ce launi ne kawai. Amma dattijon da ke da hoton mahaifinsa sanye da baƙi da fari a bangon falo, wanda matarsa ta saƙa masa mayafin wuya baƙi da fari, shi ya san abin da aka ɗauke masa. Nama yana iya ci in ya koma gida. Rigar kuwa babu inda zai je ya same ta.

A wannan shekarar ta 2012 wani attajirin Malesiya, Vincent Tan, ya mayar da rigar Cardiff City daga shuɗi zuwa ja. Magoya baya suka yi ta bore, suna zuwa fili da shuɗinsu, har ya haƙura ya mayar a Janairun 2015. A Nailsworth ba a yi haka ba. Wani ɓangare na dalili shi ne ƙarancin jama'a, domin a lokacin 'yan kallon ba su wuce dubu ɗaya da wani abu ba. Wani ɓangaren kuma kowa ya san ba don Vince ba da wataƙila babu ƙungiyar ma, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sai babban dalilin: an fara cin wasa.

A 2016 suka kai wasan ƙarshe na cike gurbi a Wembley, Grimsby ta doke su. A ranar 14 ga Mayun 2017 suka koma, suka ci Tranmere Rovers 3 da 1, Kaiyne Woolery ya zura biyu, Christian Doidge ɗaya. Nailsworth ta zama gari mafi ƙanƙanta da ya taɓa samun ƙungiya cikin 92 ɗin nan. A shekarar ce FIFA ta kira su ƙungiyar da ta fi kowace kula da muhalli a duniya, a 2018 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba su shaidar ƙungiya ta farko da ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take ragewa ko biyan diyyarsa. A Satumban 2020 Héctor Bellerín, wanda masu gidan kallo suka sani a bayan Arsenal, ya sa kuɗinsa ya zama na biyu a masu hannun jari. A kakar 2021/22 koci Rob Edwards ya ci musu League Two, suka hau mataki na uku, inda za su kara da irin su Sheffield Wednesday da Derby County da Ipswich, ƙungiyoyin da filin kowacce zai haɗiye mutanen Nailsworth sau biyar ko fiye.

'Yan kallo sun ninka fiye da sau biyu. Sai dai in ka duba rumfunan, jama'a iri uku za ka gani. Akwai tsofaffin hannu, 'yan baƙi da fari, waɗanda suka ga zamanin Stroud FC. Akwai sababbin iyalai daga kwaruruwan Stroud, yankin da dama can ya yi suna da 'yan rajin muhalli, waɗanda da ba sa kusantar filin ƙwallo, yanzu suna zuwa da yara saboda wurin ya yi musu. Ƙungiyar ta yi wayo a nan, domin kowace shekara tana raba ɗaruruwan riguna kyauta ga ɗaliban firamaren yankin, kuma yaron da ya fara sa kore yana ɗan shekara bakwai bai san wani baƙi da fari ba. Sannan akwai na nesa, a Amurka da Jamus da sauran wurare, masu sayen riga ta intanet saboda aƙida, waɗanda galibinsu ba su taɓa hawa tudun ba. Kuɗinsu na da amfani. Amma ranar Talata da dare, ana yayyafi, ana wasa da wata ƙungiyar da ba wanda ya san sunanta, ba su ne ke tsaye a bayan raga ba.

Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, ta kuwa ƙare da wuri. Kwanaki kaɗan bayan ɗaga kofi Edwards ya tafi Watford, Vince ya fito fili ya yi tir da yadda aka yi cinikin a bayan idonsa. A League One wasa 6 kawai suka ci cikin 46, suka ƙare a na ƙarshe, duk da an ɗauko Duncan Ferguson, tsohon ɗan gaban Everton, a tsakiyar kaka. A Yulin 2023 Hannah Dingley ta riƙe ƙungiyar na ɗan lokaci, mace ta farko da ta jagoranci ƙungiyar ƙwararrun maza a Ingila, jaridun duniya suka sake cika tudun. Kakar da ta biyo baya ta fi muni. Troy Deeney ya karɓi aikin koci a Disamba, aka sallame shi a Janairu bayan wasa shida ba nasara. Suka sake ƙarewa a na ƙarshe, suka koma National League a 2024. Abin da aka gina cikin shekara goma sha biyu ya zube cikin biyu. Jama'a sun ragu, kamar yadda suke raguwa a ko'ina in ana shan kashi, amma ba su koma adadin kafin zuwan Vince ba. Kuma ƙorafin da aka riƙa ji a bakin magoya baya a waɗannan shekarun na sauya koci barkatai ne da sayen 'yan wasan da ba su dace ba. Ba a ji wani yunƙuri na a dawo da nama ba.

Akwai abin da abokan hamayya suka daɗe suna faɗa, kuma da gaskiyarsu. Ba sola ce ta kai Forest Green mataki na uku ba, kuɗin Vince ne. Garin mutum 6,000 ba zai iya biyan albashin ƙwararrun 'yan wasa daga kuɗin ƙofa ba, shekara da shekaru kamfaninsa ne ke cike giɓin. Ƙungiyar da ke wa'azin ɗorewa, rayuwarta a aljihun mutum ɗaya take. Ingila kuwa cike take da kaburburan ƙungiyoyin da masu su suka gaji ko suka karye. Bury, wadda aka kafa a 1885 ta kuma ci kofin FA sau biyu, an kore ta daga gasar ƙwararru a Agustan 2019 a kan bashi.

Ita ma shaidar Majalisar Ɗinkin Duniya tana buƙatar a karanta ta da kyau. Tsarin shi ne ka auna hayaƙinka, ka rage abin da za ka iya, ragowar ka biya kuɗi a yi wani aikin rage hayaƙi a wata ƙasa a madadinka. Kuma a harkar ƙwallo, kaso mafi girma na hayaƙin ba daga fitilun fili ko tukunyar girki yake fitowa ba, daga motocin 'yan kallo yake. A nan ƙaramar ƙungiyar gari ta fi kowa, tun kafin ta sayi farantin sola ko ɗaya, domin mutanenta da yawa da ƙafa suke zuwa.

Wannan ne ya sa batun Eco Park, sabon filin da ƙungiyar ke shirin komawa, ya zama mai sarƙaƙiya. A Nuwamban 2016 aka zaɓi zanen kamfanin marigayiya Zaha Hadid, shahararriyar mai zanen gine-ginen nan haifaffiyar Bagadaza, don gina sabon fili mai ɗaukar mutum 5,000, kusan gaba ɗayansa na katako. Hujjar katako mai kyau ce: siminti da ƙarfe suna cikin manyan masu fitar da hayaƙi, itace kuwa yana riƙe abin da ya zuƙa daga iska muddin yana tsaye. Majalisar ƙaramar hukumar Stroud ta ƙi amincewa a Yunin 2019, ta amince a Disamba bayan an yi gyare-gyare. Zanen yana da kyan gani, babu musu. Matsalar ita ce wurin. Filayen noma ne a bakin mahaɗa ta 13 ta babbar hanyar M5, kusa da ƙauyen Eastington, fiye da kilomita 10 daga Nailsworth, kuma shirin ya haɗa da wurin ajiye mota 1,700. New Lawn kuwa, wanda aka buɗe a 2006, a rushe shi a yi gidaje.

Masu goyon bayan ƙaura suna da abin faɗa. Hanyar tudun ƙunci gare ta, ranar babban wasa unguwar kan toshe da motoci, kuma yawancin 'yan kallon yanzu dama daga wajen gari suke zuwa. A bakin babbar hanya za a jawo mutanen Gloucester da kewaye. Amma wannan shi ne lissafin 1989 sak, an sauya masa riga kawai. A wancan karon suna aka kai Stroud aka bar fili a gida. A wannan karon fili za a kai, a bar sunan unguwar da ba a wasa a cikinta. Tsohon da ke taka ƙafa ya hau tudu zai koma jiran bas, ko ya haƙura. Har kakar 2025/26 ta kama, da Robbie Savage a matsayin koci, a kan tudun ake wasa.

Akwai wata ƙungiyar da ta bi hanyar ta ɗaya gefen, ba ta kuma samu ko kashi ɗaya cikin goma na surutun ba. Dartford, a gundumar Kent gabas da Landan, ta rasa filinta na Watling Street a 1992. Maidstone United da ke haya a wurinta ta karye, bashin gyaran filin ya faɗo kan Dartford, aka sayar da filin, ƙungiyar ta janye daga gasa bayan wasa huɗu da fara kaka. Magoya baya ne suka ƙi barin ta ta mutu. Suka riƙe ƙungiyar matasa, suka koma can ƙasa a gasar Kent a 1993, suka yi shekara 13 suna raɓe-raɓe a filayen wasu, a Erith da Purfleet da Gravesend, wani lokacin ma sai sun tsallaka kogin Thames kafin su kalli wasan da ake kira nasu na gida.

Ƙaramar hukumar Dartford ce ta gina musu Princes Park, aka buɗe ranar 11 ga Nuwamban 2006, shekara huɗu kafin Vince ya shiga ƙwallo. An shuka tsirrai a kan rufin, suna tace iska suna riƙe ruwan sama. Ginshiƙan rufin na katako ne. Akwai farantan sola masu ɗumama ruwan wanka, da tafkuna biyu da ke tara ruwan da ake ba ciyawa. An nutsar da filin wasan mita biyu ƙasa domin hayaniya da hasken fitilu kada su dami maƙwabta. A cikin rumfar 'yan tsaye akwai wani ƙaton mutum-mutumin itace da ya miƙa hannu sama kamar yana tallafe da rufin. Filin na ɗaukar 4,100, ranar buɗewa kuma ya cika maƙil, ga ƙungiyar da ke mataki na takwas. Ba wanda ya ce mutanen nan sun zo ne don tsirran kan rufi. Gida suka dawo. Amma tun da rufin na gidansu ne, sun mayar da shi abin alfahari, suna nuna wa baƙi. Zuwa 2012 Dartford ta hau mataki na biyar, ta iske Forest Green a can.

Ƙananan ƙungiyoyi ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan sauyin yanayi, domin a fili suke ganinsa. A Disamban 2015 ambaliyar guguwar Desmond ta shanye filin Carlisle United har ruwa ya kusa taɓa sandar saman raga, ƙungiyar ta koma buga wasanninta na gida a Preston da Blackburn da Blackpool. Wani rahoto da marubuci David Goldblatt ya fitar a 2020 ya yi hasashen cewa zuwa 2050, filaye 23 cikin 92 za su riƙa fuskantar ambaliya duk shekara. Babbar ƙungiya tana da magudanan ruwa na miliyoyin fam. Ƙarama kuwa, wasa uku a ɗage a jere, asusunta ya bushe. Saboda haka tankin ruwa da sola da rage kuɗin wuta abu ne da ma'ajin kowace ƙungiya zai karɓa hannu bibbiyu, ko da bai taɓa jin sunan Vince ba.

Hukumomi ma sun fara gane inda gizo ke saƙar. Bayan binciken da 'yar majalisa Tracey Crouch ta jagoranta a 2021, Birtaniya ta yi doka a 2025 da ta kafa hukuma mai zaman kanta da za ta sa ido kan ƙungiyoyin matakai biyar na sama. Cikin tanade-tanadenta akwai cewa ba a sauya tambari ko launin rigar gida sai da goyon bayan magoya baya, ba a kuma ƙaura daga fili sai hukumar ta yarda. Da dokar tana nan a 2012, da sai an tambayi 'yan baƙi da fari kafin a ɗinka kore.

Vince ya tabbatar da abin da mutane da yawa suka rantse ba zai yiwu ba: ɗan kallon Ingila zai ci abinci marar nama a filin ƙwallo, ya kuma dawo mako mai zuwa, ko ana ci ko ana shan kashi. Wannan na ba shi, kuma manyan ƙungiyoyi da dama sun kwaikwayi wani abu daga ciki. Abin da bai tabbatar ba tukuna shi ne cewa mutanen tudun za su bi shi bakin babbar hanya. In an buɗe Eco Park, hotunan katakon za su cika jaridu, kakar farko kuma za a yi cincirindo don ganin sabon abu. Mai karatu ya bari sai kaka ta biyu, sannan ya bincika mutum nawa daga Nailsworth suka sabunta tikitinsu na shekara.